Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna Da Wakilanmu A Majalisar Tarayya Kan Mallakar Ƙirƙira

Mai Girma Gwamna, masu girma sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai daga Jihar Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Masu wannan wasiƙa mutane ne da sana'a ta haɗa: ma'aikatan ɗakin tiyata da masu gyaran kayan asibiti, injiniyoyin lantarki da masu wayarin, maƙera da masu walda na Panteka, telolin Kasuwar Barci, masu ɗinkin hula da aikin wuya na Zariya, da lauyoyin da ke rubuta wa irin waɗannan mutane takardun neman mallaka. Muna magana ne a madadin duk wanda ya gyara wani kayan aiki har ya fi yadda aka shigo da shi, sannan ya rasa hanyar da zai bi abin ya zama nasa, ya shiga kasuwa.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne sakacin da aka daɗe ana yi da dokar mallakar ƙirƙira da fasalin kaya. An kafa ta a 1970, zamanin mulkin soja, kuma kusan yadda aka rubuta ta haka take har yau, alhali an yi wa masu samar da sabon iri tasu dokar a 2021, an kuma sabunta dokar haƙƙin mawallafa a 2022. Kundin tsarin mulki ya sa wannan batu cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, shi ya sa muka haɗa ku a wasiƙa ɗaya. Gyaran dokar yana hannun wakilanmu. Amma mafi yawan abin da ke kashe ƙirƙira a Kaduna ba ya buƙatar jiran Abuja: rashin mai bincike kafin a shigar da buƙata, rashin wurin gwaji, da rashin mai saye na farko.

Kokenmu na farko a kan takardar mallakar ƙirƙira ce kanta. Doka ta gindaya sharuɗɗa 3: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda duk masanin fannin zai iya hangowa ba, kuma ya yiwu a yi shi a masana'antu. To amma sashe na 4 ya taƙaita aikin magatakarda ga duba takardu kawai. An cika fom, an haɗa bayani da zane, an rubuta da'awa, wato bayanin iyakar abin da mutum ke cewa nasa ne, an biya kuɗi? Sai ya bayar, ba ya tambayar ko abin sabo ne. Dokar da bakinta ta ce ana bayar da takardar ne bisa kasadar mai ita, babu lamunin ingancinta. Tamkar a ba mutum takardar fili ne safiyo bai je ya duba ko akwai gidan wani a wurin ba. Sakamakon haka, mai kuɗin da ya san abin da yake yi ba ya zuba jari don ya ga takarda mai hatimi, domin ya san ranar da aka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya fito da takardar Jamus ko ta Japan mai shekara 30 da ta bayyana abu iri ɗaya, a soke ta nan take. Mai ƙirƙira kuwa ya riga ya sayar da babur ya yi samfuri.

Tunda babu mai dubawa, babu kuma mai gyara wa mutum da'awarsa, wadda ita ce zuciyar takardar. A nan ake yawan faɗuwa ta hanya biyu. Wani zai rubuta cewa ya mallaki akwatin sauya wuta mai kontakta (makunnin da wuta ke sarrafawa) 2 masu amfiya 63 da rile, wato ƙaramin makunni, mai jinkirin daƙiƙa 10. Mai kwaikwayo ya sa kontakta mai amfiya 100, ya mai da jinkirin daƙiƙa 15, ya fita daga cikin iyakar. Wani kuma zai faɗaɗa, ya ce ya mallaki duk na'urar da ke sauya wuta daga layi zuwa janareta, abin da aka daɗe ana yi tun kafin a haife shi, kotu ta rushe da'awar gaba ɗaya. Rubuta da'awa sana'a ce ta wanda ya haɗa sanin injiniya da na shari'a, kuma masu ita ba su da yawa a Arewa.

Akwai kuma lissafin lokaci da mutane ba su sani ba. Takardar tana aiki shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, amma da sharaɗin biyan kuɗin shekara-shekara. In an yi jinkiri akwai sassaucin wata 6 tare da tara, bayan nan ta faɗi. Sannan iyakarta Najeriya. Wanda ke son kariya a waje yana da wata 12 daga ranar da ya shigar a gida, ko kuma ya bi yarjejeniyar PCT ta neman mallakar ƙirƙira a ƙasashe da yawa, da Najeriya ta shiga a 2005, wadda ke ba shi kimanin wata 30 ya zaɓi ƙasashe. Ku dubi inda kayanmu ke zuwa: Maraɗi, Damagaram, Injamena, Garwa. Nijar da Chadi da Kamaru duk suna cikin ƙungiyar mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda buƙata ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Najeriya ba ta cikinta, ba ta kuma cikin ARIPO, ɗaya ƙungiyar irinta a Afirka, a matsayin cikakkiyar mamba. Mai takardar Abuja ba shi da abin cewa in an buga kayansa a Maraɗi.

Koke na biyu ya fi yi mana ciwo, domin da hannunmu muke jawo shi, hukumomi kuma suna tafa mana. Doka ta ce abu ya daina zama sabo da zarar an bayyana shi ga jama'a a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta amfani da shi. Bidiyon da aka ɗora a Facebook ko TikTok, kundin ɗalibi da aka ajiye a laburare, takardar da aka karanta a taron masana, hirar rediyo da aka yi bayanin yadda na'urar ke aiki, sayar da guda ɗaya ga maƙwabci, kowanne ya isa. Sassauci ɗaya ne doka ta yi: wata 6 ga wanda ya nuna kayansa a baje kolin ƙasa da ƙasa na hukuma ko wanda hukuma ta amince da shi. Bikin kimiyya na makaranta ba ya ciki. Duk da haka ana kiran matasa su zo su baje ƙirƙirarsu gaban manyan baƙi, a buɗe murfin akwati kowa ya ɗauki hoto, a ba su kyautar kwali da ambulan, babu wanda ya tambaye su ko sun shigar da buƙata. Tunda kuma wanda ya riga shigarwa shi doka ta sani, mai hoton zai iya riga su. Gaskiya ne doka ta ce wanda ya ɗauki ƙirƙirar wani ba da yardarsa ba haƙƙin yana komawa ga mai shi, amma sai da hujja, kuma ɗan Panteka ba ya ajiye littafin aiki mai kwanan wata da sa hannun shaida. Ko wanda sassaucin wata 6 ya kare a gida zai iya rasa Turai, domin nasu sassaucin ya tsaya ne ga wasu manyan baje koli ƙalilan.

Yanzu ga kayan tiyata, inda kuskure ke taɓa rai. Jihar nan tana da asibitin koyarwa na Shika da na Barau Dikko, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da asibitin sojoji na 44. Kusan duk almakashi da hantsakin da ake riƙewa a waɗannan wurare daga waje suke, galibi daga Siyalkot ta Pakistan ko Tutlingen ta Jamus. Masu riƙe su kullum sun san inda suke gazawa: ƙugiyar buɗe rauni da ta yi gajarta ga aikin yoyon fitsari, mariƙin allura da ke sakin allura a wuri mai zurfi, fitilar goshi da batirinta ke mutuwa ana tsakiyar aiki. Wasu kan zana gyaran su kai wa maƙeri. Daga nan matsalar ke farawa.

Ƙarfe mara tsatsa iri-iri ne. Wanda aka fi samu a kasuwa, mai lamba 304, na tukwane da matattakala ne, wuta ba ta taurara shi. Hantsakin kama jijiyar jini da aka yi da shi bakinsa zai buɗe bayan 'yan ayyuka, ya saki jijiya. Abin da ake buƙata ga kayan yanka da kamawa shi ne mai lamba 410 ko 420, a gasa shi zuwa kimanin digiri 1,000, a sanyaya shi da sauri, a sake ɗumama shi a ƙaramin zafi don kada ya yi gautsi. In an tsallake matakin ƙarshe, mahaɗar tsakiya za ta tsage a ƙarƙashin matsi, tsagar kuma ta zama maɓoyar jini da ƙwayoyin cuta. Bayan an goge shi sai an tsoma shi cikin ruwan asid na naitirik ko na sitirik, wanda ke cinye burbushin baƙin ƙarfen da injin ya bari, ya bar siririn rufin da ke hana tsatsa. Wanda ba a yi wa haka ba, shigarsa tukunyar tururi kaɗan, a digiri 121 na minti 15 ko 134 na minti 3, zai fara fitar da jan tabo a mahaɗa. A wuraren da har yanzu ake jiƙa kaya cikin ruwan bilic (haifo) kuwa, sinadarin kulorin zai huda shi ƙananan ramuka, ko da na Jamus ne. Ma'aikaciyar tiyata tana da nata gwajin: ta kulle hantsaki a haƙorin farko ta ɗaga shi ga haske ta ga ko bakin ya haɗu, ta ɗan buga shi a tafin hannu ta ga ko zai kwance, ta yanka safar hannu da bakin almakashi ta ga ko zai tauna. Wannan yana kama aibin da ya fito fili. Taurin ƙarfe da juriyar tsatsa sai da na'ura, bisa ma'aunan ingancin kaya na duniya, ISO 7153 da 13402.

Takardar mallaka ba ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Izinin sayar da kayan asibiti a hannun NAFDAC yake, kuma za ta nemi shaidar yadda ake sarrafa kayan da sakamakon gwaji. Mai ƙirƙira ɗaya ba zai iya sayen tanderun gasa ƙarfe da na'urar auna tauri don ya yi hantsaki 20 ba. Abin takaicin shi ne injinan da masanan suna nan cikin jihar, a kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kakuri tun 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da sashen injiniyan ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello, sai dai babu ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa da samfurinsa a hannu, ya biya kuɗi sananne, ya karɓi rahoto.

Sannan akwai tambayar wa ya mallaka. Doka ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, shi kuma a ba shi lada mai adalci in aikinsa ba na ƙirƙira ba ne amma ya yi amfani da kayan wurin, ko in ƙirƙirar tana da muhimmanci na musamman. Ba ta faɗi nawa ba. In an yi saɓani sai kotu. Wane ma'aikacin jinya ne zai kai gwamnatin da ke biyansa albashi kotu? Sai ya yi shiru, ya yi guda ɗaya ya ajiye a durowarsa. Tarihin likitanci ya nuna illar irin wannan ɓoyo: iyalin Chamberlen a Ingila sun ƙirƙiri hantsakin ciro jariri a ƙarni na 17, suka ɓoye shi sama da shekara 100 a matsayin sirrin gida, mata suna mutuwa wajen haihuwa, sai a 1813 aka gano kayan nasu a ƙarƙashin katakon bene. An kafa tsarin mallakar ƙirƙira ne don a yi musaya: ka bayyana, a ba ka shekara 20. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 2008, ta yanke wa mai ƙirƙira a cibiyar gwamnati aƙalla kashi 20 cikin 100 na rand (kuɗin ƙasar) miliyan ɗaya na farko da ƙirƙirar ta samar, da aƙalla kashi 30 na ribar da ta biyo baya. Kuma ɗan Najeriya ya taɓa nuna ana iyawa: likitan soja Oviemo Ovadje ya ƙirƙiri EAT-SET, na'urar da ke tattara jinin da ya zuba cikin cikin majiyyaci, kamar mai cikin bayan mahaifa da ya fashe, ta tace shi a mayar masa.

A ɓangaren wutar gine-gine, buƙatar ba ta da wuyar gani. Tun Afrilun 2024 da aka mai da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit (an ɗan rage daga baya), lissafin ya canja. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan kimanin kilowat 1.2. In an bar shi awa 12 a ofishin da babu kowa, kuma kwamfuresa bai huta ba, yunit 14 ne da ɗoriya, sama da naira 3,000 a dare ɗaya bisa farashin 2024, a ɗaki ɗaya. Ku ninka da ɗakunan sakatariya.

Na'urorin sarrafa wutar gini da ake shigowa da su an tsara su ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Gininmu yana da tushe 3: layi, janareta, da inbata mai sola, kuma sauyawa tsakaninsu ita ce ke ƙona kaya. Wuta ta dawo, esi 10 su tashi lokaci guda, kowanne yana jan ninki 5 ko fiye na abin da yake ja in ya daidaita, ƙarfin wuta ya faɗi, bireka ta faɗo ko janareta ya shaƙe. Kwamfuresan da aka sake tayarwa kafin minti 3, iskar cikinsa ba ta lafa ba, shi ma yana kan hanyar ƙonewa. Janaretan dizal da aka bari yana ɗauke da ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa da dare yana tara ɗanyen mai a salansa. Batirin ruwa da ake zuƙewa fiye da rabi kullum, a ɗakin da zafi ya wuce digiri 35 a watan Afrilu, ba ya kai rabin shekarun da aka rubuta masa. Mafi muni, akwatin sauya wuta da ba shi da makullin da ke hana kontakta biyu rufewa tare zai iya tura wutar janareta kan layi, ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. Samarinmu suna haɗa ƙananan allunan kwamfuta da na'urar auna wuta da ake maƙala wa waya, suna tsara wanda zai fara tashi: firjin rigakafi da fitilar tiyata, sannan famfon ruwa, sannan esi ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙa 30, kuma a sauke marasa muhimmanci in batir ya kai wani mataki. A nan ne sabon abu yake, a tsarin jerin da sharuɗɗansa, in akwai shi.

Matsalarsu biyu ce. Manhajar da ke cikin allon, dokar haƙƙin mawallafa ce ke kare ta, kuma tana kare rubutun ne kawai. Wanda ya lura da yadda na'urar ke aiki ya rubuta tasa manhajar bai taka doka ba, sai in an yi da'awa mai kyau kan na'urar da hanyar aikinta. Ta biyu, ba su da inda za su gwada. Ba a tabbatar da cewa na'ura ta rage kuɗin wuta sai an auna ginin kafin a saka ta da bayan an saka, tsawon shekara, domin bazara da damina da hunturu kowanne da irin jansa, ƙurar hunturu ma kaɗai tana rage abin da faifan sola ke bayarwa. Mai otal ba zai ba da gininsa a yi gwaji ba. Gwamnati tana da gine-gine. Tana kuma da ƙa'idar tattalin wuta a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, wadda ta ƙayyade faɗin taga gwargwadon bango, da rufin da ke tare zafi, da yawan wutar fitilu, da ingancin esi. Amma ba ta aiki sai jiha ta sa ta cikin sharuɗɗan izinin gini.

Kayan sutura kuwa ana raina su, alhali a nan ne ƙaramin abu ke kawo babban kuɗi. Jacob Davis tela ne a garin Reno na Amurka. Shi ya fara buga ƙusar tagulla a kusurwar aljihun wandon aiki don kada ya yage. Ba shi da kuɗin shigar da buƙata, sai ya rubuta wa mai sayar masa da yadi, Levi Strauss, suka yi tarayya, aka ba su takarda a ranar 20 ga Mayun 1873. Walter Hunt kuwa da ya ƙirƙiri fil mai murfi a 1849 ya sayar da haƙƙinsa dala 400. Bambancin su biyun shawara ce da abokin tarayya. A nan Kaduna akwai buƙatu na gaske. Mata da 'yan mata kan riƙe fil a baki suna gyara mayafi, kuma likitocin ƙirji a ƙasashen Musulmi sun rubuta rahotanni da yawa kan fil da aka shaƙa ya sauka huhu. Maɗaurin mayafi mai maganaɗisu yana magance wannan, amma yana zuwa da nasa: in murfinsa ya ɓalle yaro ya haɗiyi guda 2, suna iya manne hanji su huda shi, in kuma an shafe shi da nikel mai arha, gumi zai fitar da shi ya yi wa fatar wuya ƙuraje. Wanda ya ƙera maɗauri da murfinsa ba ya buɗewa, da ƙarfin da zai riƙe yadi ninki 4 ba tare da ya yage shifon ba, ya yi abin da ya cancanci kariya. Sai dai irin wannan gyara sau da yawa ba ya kai matakin cikakkiyar ƙirƙira. Jamus da Sin da Kenya suna da ƙaramar takarda ta shekara 10 don ƙananan gyare-gyare, mai arha da sauri. Dokarmu ba ta da ita.

Mafi yawan aikin teloli da masu zane ma ba takardar ƙirƙira yake buƙata ba, rajistar fasali ce, wato siffa da layi da launi. Tana aiki shekara 5, a sabunta sau 2, jimilla 15, kuma buƙata ɗaya tana iya ɗaukar zane har 50 na kaya iri ɗaya. Kaɗan ne suka san da wannan. Abin da ke faruwa shi ne a fitar da sabon maɓallin hannun riga ko sabon aikin hula a kakar Sallah, ya karɓu, kafin wata Sallar na inji ya shigo daga waje a rubu'in kuɗi, lokacin kuma sabuntarsa ta riga ta tafi. Tsofaffin zanuka irin aska takwas da aska biyu na kowa ne, ba wanda ya isa ya yi musu rajista, kuma ba ma so a bari wani ya yi. Abin da masu ɗinkin hannu ke buƙata shi ne alamar shaida, wadda dokar tambarin kasuwanci ta riga ta tanada, da za ta gaya wa mai saye cewa wannan hannu ne ya ɗinka, a wuri kaza. Garin da ya ga rufewar masaƙun Kakuri bai kamata ya zuba ido abin da ya rage na sana'ar sutura ya bi su ba.

Wani abu da ba a faɗa wa masu sana'a shi ne, takardun mallaka na duniya a buɗe suke, kyauta, a rumbunan intanet na Patentscope da Espacenet, da zanensu da ma'auninsu. Duk wadda ta wuce shekara 20 ta zama ta kowa. Wadda ba a yi wa rajista a Najeriya ba, kuma lokacin yin hakan ya wuce, babu laifi a ƙera abin a nan don kasuwar gida, muddin ba a ɗauki sunan kamfani ko tambarinsa ba. A ganinmu amfanin wannan ga Panteka ya fi na takardun da za a raba a wajen biki.

Don haka muke roƙon Mai Girma Gwamna ya sa ma'aikatar kasuwanci da ƙirƙira ta buɗe teburin mallakar fasaha a cikin Panteka, da rana ɗaya a mako a Kasuwar Barci da Zariya, mai injiniya da lauya da ke jin Hausa, su yi binciken farko a rubuce kafin mutum ya kashe kwabo, su rubuta da'awa, su riƙe kalandar kuɗin shekara da wa'adin wata 12. A haɗa teburin da NOTAP, hukumar bunƙasa fasaha ta tarayya, wadda ke taimaka wa masu bincike shigar da buƙata ba tare da sun biya ba, amma ofisoshin da ta buɗe suna cikin jami'o'i da cibiyoyin bincike, inda mai walda ba ya shiga. Muna roƙon a kafa ƙa'ida cewa duk baje kolin ƙirƙira da jiha ta shirya ko ta tallafa, ba a ɗora kaya kan tebur sai mai shi ya nuna rasidin shigar da buƙata ko ya sa hannu cewa an yi masa bayani. A kuma nemi hukuma ta bayyana a rubuce matsayin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna game da sassaucin wata 6.

Muna roƙon jiha ta ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin da ke da tanderu da na'urorin gwaji, a buga jerin kuɗin kowane gwaji da kwanakin da zai ɗauka, kuma kada samfurin tiyata ya taɓa jikin majiyyaci sai ya wuce nan da kwamitin ɗa'a na asibiti. A ware gine-ginen gwamnati 3, ofis da makaranta da ɓangaren asibiti da ba na gaggawa ba, a sa musu mitoci masu adana bayani, a buɗe su ga masu gwaji, a wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta sa ƙa'idar tattalin wuta ta 2017 cikin izinin manyan gine-gine. A rubuta rabon lada ga ma'aikatan jiha da jami'ar jiha da adadi, ba da kalmar adalci ba. Sannan kayan da suka ci gwaji suka sami izinin NAFDAC ko na hukumar ingancin kaya ta SON, a ware musu kaso a sayayyar gwamnati, ko da guda 200 ne na farko, domin odar farko ce ke sa banki ya saurari mutum.

Ga masu girma sanatoci da 'yan majalisa, buƙatarmu ita ce ku ɗauki gyaran dokar 1970 a matsayin aikin mazaɓa. A shigar da binciken sabunta kafin bayar da takarda. In babu isassun masu bincike a yanzu, a fara da tilasta haɗa rahoton bincike daga ofishin da hukumar mallakar fasaha ta duniya, WIPO, ta amince da shi. A ƙirƙiro ƙaramar takarda ta ƙananan gyare-gyare. A faɗaɗa sassaucin bayyanawa zuwa wata 12 ga abin da mai ƙirƙira ya bayyana da kansa, kamar yadda Amurka ke yi. A buɗe rajistar ƙasa a intanet yadda kowa zai iya karanta cikakkiyar da'awa, ya ga wadda ke raye da wadda ta faɗi. A kuma yi doka ta kare kayan da suka shahara da sunan garinsu. Idan kwamitin da abin ya shafa zai yi zaman jin ra'ayin jama'a, muna roƙon a yi ɗaya a Kaduna, a sanar a rediyo da Hausa mako 3 kafin ranar, za mu zo da samfura da zanukan da aka riga aka shigar da buƙatarsu.

Mun gode da sauraro. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wasu masu ƙira, injiniyoyi, ma'aikatan tiyata, teloli da lauyoyi na Jihar Kaduna